Singiletin da Ke Kai Rahoto Kaduna

A unguwarmu da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, in ka shiga falon duk wani magidanci da furfura ta fara taɓawa, ɗaga kai ka dubi hoton aurensa a bango. Amaren daban-daban ne, angwayen ma haka, wani dogo, wani gajere, wani kamar an rataya riga a jikin tabarya. Amma kwat ɗin ɗaya ce. Baƙa ce mai maɓalli uku, da ɗan ɗinki a bakin aljihun hagu inda garwashin dutsen guga ya taɓa lasa. Kwat ɗin Baba Azariya ke nan. Ni ma a cikinta aka ɗaura mini aure, shi ya sa ba a ganin yatsuna a hoton.

Azariya mutumin Fadan Kagoma ne. Ya zo Kafanchan yana saurayi, ya kama aikin reluwe, shi ne mai juya layi a inda jirgin Jos ke rabuwa da na Kaduna. Wanda bai ga garin nan a wancan zamani ba, da wuya ya gane. Da kukan jirgi muke gyara agogo, da shi mata ke ɗora tukunya. Yanzu ciyawa ta cinye layin, awaki ke kwance a inda fasinja ke jira. Da ya yi ritaya ya koma noman citta da kiwon 'yan aladu a bayan gida. Amma ba da reluwe aka san shi ba, ba kuma da citta ba. Da ba da aron tufafi aka san shi.

Asalin abin, kamar yadda matarsa marigayiya Mama Milka ta ba mu labari, tun ranar baftismarsa ne. A lokacin sai da farar riga ake shiga ruwa, shi kuwa ba shi da ita, sai aka aro masa ta ɗan maƙwabta. Fasto ya nutsar da shi ya ɗago, jama'a na waƙa a bakin rafi, sai uwar mai rigar ta ɗaga murya ta danne waƙar: "Kai Azariya, bi ta kan dutse! Kada ka shafa wa rigar ɗana laka!" Ya fito daga ruwa sabon mutum, amma da kunyar da ruwan bai wanke ba. Tun daga ranar ya ƙudura a ransa, in Allah ya ba shi sutura ba zai hana kowa ba, bakinsa kuma ba zai taɓa faɗin wanda ya ara ba.

Aro a gidansa yana da tsarinsa. Ba a shiga a ce a ba ni kwat. Gaisuwa ake zuwa. A yi zancen ruwan bana, a yi na cutar da ta kama citta, a tambayi lafiyar aladu, sa'an nan mutum ya gyara murya ya ce, "Baba, ina da 'yar tafiya ranar Asabar." Sai Azariya ya auna shi da ido daga kafaɗa zuwa dunduniya, ya shiga ɗaki. In ya fito, da tsohon buhun shinkafa yake fitowa, kayan na ciki a nannaɗe da jarida, a sama kuma ya ɗora gwaza ko lemo, domin duk wanda ya gamu da kai a hanya ya ɗauka tsarabar gona ce. Kowa a unguwar ya san abin da ke ƙarƙashin gwazar, kowa kuma sai ya kau da kai ya ce maka sannu da kaya. Magana ɗaya tak yake rako mutum da ita a bakin ƙofa: "Aro ba ya haihuwa." Wato abin da ka ara, kada kai ma ka ara wa wani.

Mama Milka ta sha fama. Akwai shekarar da ya kasa zuwa sujadar Kirsimati domin kwat, da babbar riga, da takalma duka biyu, har da wandon da yake zuwa gona da shi, duk sun riga shi tafiya coci. Ya zauna a tsakar gida da zanenta a ɗaure yana jin waƙa daga nesa. Da ta dawo ta ce masa, "Kada ka damu, maigida. Na gan ka a layin gaba, na gan ka cikin mawaƙa, har baikon coci ka karɓa."

Bayan rasuwarta sai gidan ya rage shi kaɗai. 'Yarsu Keziya nas ce a wani asibiti a Kaduna. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka "Mamana" yake kiranta, ita kuwa ta riƙe sunan da gaske, domin yadda uwa ke tsare ɗa haka take tsare shi. Wata rana da damina jiri ya kayar da shi a gonar citta. Keziya ta zo, ta auna shi, ta ce jininsa ya hau, ta kuma ce ta riga ta gyara masa ɗaki a gidanta, da talabijin da fanka da banɗaki a ciki.

"A Kaduna wa zan gaisar?" in ji shi. "Wa zai ba aladuna dusa? Wa zai share kabarin uwarki?"

"Baba, in ka sake faɗuwa wa zai ɗaga ka? Aladun?"

Aka ja, aka ja, har Fasto ya sa baki. A ƙarshe Keziya ta koma Kaduna ta dawo da wani ɗan kwali. A ciki akwai singileti ruwan toka, mai santsi, mai miƙewa kamar roba, an saƙa mata wasu zaruruwa masu ƙyallin azurfa a ƙirji da haƙarƙari. A ƙasan ƙirjin ana manna wani ɗan akwati da bai kai kwalin ashana ba, yana ƙifta koren haske. Zaruruwan nan, in ji ta, suna jin bugun zuciya da numfashi da motsin mutum, akwatin kuma yana da layin waya a cikinsa, yana aika duk abin da ya ji zuwa wayarta. In za a yi wanki sai a ɓalle akwatin a sa shi caji.

Azariya ya juya ta gaba da baya. "Wato riga ce mai tsegumi."

"Mai gaskiya ce, Baba. Ga sharaɗina. Muddin tana kawo mini labari mai kyau, ka zauna da aladunka. Ranar da ta nuna mini ja, babu Fasto, babu dattawa, akwatinka kawai za ka ɗauka."

Ya yarda, domin ba shi da wata hanya.

Abin da Keziya ba ta lura da shi ba, masu rigar ma ban ce sun yi tunaninsa ba, shi ne singiletin tana matse ciki. Lahadin farko da ya sa ta ƙarƙashin babbar riga, sai da mata uku suka tare shi a ƙofar coci suna tambaya ko azumi yake yi. Ɗan tumbin da ya tara tun bayan ritaya ya ɓace, ya miƙe sambal kamar ranar da ya fara aikin reluwe. Da yake ba shi da ɓoye-ɓoye a kan kayansa, ya gaya wa masu tambaya dalili. Kafin a tashi daga taron maza labari ya gama unguwa.

Dickson, shugaban mawaƙanmu, shi ya fara zuwa gaisuwa. Saurayi ne mai murya, sai dai farfesun kan akuya ya yi masa gini a gaba, ga shi za shi Kauru gaida iyayen yarinyar da yake nema. Aka yi zancen ruwa, aka yi na citta. Azariya ya yi ɗan jim, domin bai taɓa ba da aron rigar ciki ba. Amma bai taɓa hana kowa ba. Ya wanke ta, ya shanya, ya cika akwatin da caji, ya ɗora gwaza a kai.

Washegarin tafiyar Dickson sai ga wayar Keziya.

"Baba! Jiya me ka yi haka? Rigar ta ce ka yi tafiya kamar soja, da yamma kuma har da tsalle-tsalle!"

Dickson ya yi rawa a gidan surukai, kowa ya ji labari. Azariya kuwa dattijo ne da ba ya ƙarya, sai dai ya san duk hanyoyin da ake bi a kewaye ta.

"Mamana, ai rigar nan ba ta son zama wuri ɗaya."

"Na nuna wa likitanmu. Ya ce wannan zuciyar saurayi ce. Baba, ka ci gaba da haka!"

Ya ci gaba. Singiletin ta je neman aure Kagoro, ta je ɗaukar hoto Zonkwa, ta tsaya fareti a jikin wani ɗan sanda da ogansa ya yi wa gargaɗi a kan tumbi. Kullum tana dawowa cikin buhu da ɗan kifi ko manja a kai. Kullum kuma Keziya na yabo. Azariya ya lura cewa duk saurayin da ya sa rigar, Kaduna na ƙara nisa da shi, bai kuwa ga laifin hakan ba. Yana shan maganinsa a kan kari, ya ce saura kuma tsakanin riga ne da waya.

Abin da ya biyo baya daga bakin mutum biyu na ji shi, Malam Boaz da Mama Magdalene. Daga bakin Azariya ban ji ko kalma ɗaya ba.

Malam Boaz tsohon hedimasta ne, dattijon ikkilisiya, sa'an Azariya. Tun suna samari suke tsokanar juna, shi yana ce masa Ɗan Reluwe, wannan yana ce masa Hedimasta. A duk unguwar shi kaɗai ne hoton aurensa ke da wata kwat daban, yana kuma alfahari da haka. In ya ga mutum da buhun gwaza sai ya ɗaga sandarsa ya ce da ƙarfi, kamar yana gaban aji, "Zanen aro ba ya rufe katara!" Allah kuwa ya hore masa tumbi wanda ke riga shi shiga coci, sai ya gama gaida masu tsaron ƙofa sa'an nan mai shi ya iso. Matarsa ta daɗe da rasuwa. A shekarar nan ne idonsa ya faɗa kan Mama Magdalene, gwauruwa mai sayar da daddawa, wadda ke buga tulu a zumuntar mata.

Wata Juma'a da hantsi sai ga Hedimasta a gidan Azariya. Ya yi zancen ruwa. Ya yi na citta. Ya yi na lalacewar ilimi, da na yadda ake koyar da rubutu a zamanin mishan, har rana ta take tsaka. Ya tambayi lafiyar aladu ɗaya bayan ɗaya, shi da ba ya ko son warinsu. Can dai ya dubi rufin ɗaki ya ce, "Ɗan Reluwe, ina da wani ɗan taro ranar Lahadi."

"Kwat?"

"Ina da kwat."

"Takalmi?"

Boaz ya ɗora hannu biyu a kan tumbinsa kamar mai riƙe da ƙwarya.

Azariya bai yi dariya ba, kuma wannan, in ji Boaz, shi ya fi ciwo. Ya shiga ɗaki, ya fito da buhu. Sai da suka haɗu su biyu suka gwada ta, ɗaya na ja ɗaya na riƙe numfashi, kafin ta sauka. Da Hedimasta ya dubi madubi, ya ce rabonsa da ganin bel ɗinsa tun mulkin soja.

Ya sa ta ranar Lahadi bayan sujada ya je gidan Magdalene. Ya sake sa ta ranar Laraba da yamma zuwa taron dattawa, domin ya ji ita ce za ta kawo kunu. Ranar Alhamis da sassafe ya maido ta, da abarba a kai. Kafin azahar motar Keziya ta tsaya a ƙofar gida.

Ko zama ba ta yi ba. Ta miƙa wa ubanta waya, ga wani zane ja yana hawa yana sauka ba tsari.

"Ka gani, Baba? Nan tana gudu, nan ta yi tuntuɓe, nan ta tsaya kamar ta manta aikinta. Na kira ka har na gaji."

"Wayar na cikin aljihun wani wando."

"Ina wandon?"

"Ya fita." Ya dubi zanen da kyau. "Wace rana ce wannan?"

"Lahadi bayan sujada, da jiya da yamma."

Azariya ya zauna a kan turmi. Keziya ta kama wuyan hannunsa tana duban agogo, ta ji bugun na tafiya daidai. Ta dube shi irin kallon da uwarta ke yi masa.

"Baba, ka ba wani aron rigar nan?"

"Tun da kike, kin taɓa jin na ce na ba wani aro?"

"To zuciyar wa ce wannan?"

"Rigar a gidana take. Abin da ta faɗa, na ɗauka."

"Shi ke nan. Irin wannan ciwon yana zuwa yana tafiya, shi ya fi haɗari. Asabar da safe za mu wuce." Ta juya za ta shiga ɗaki, sai ta tsaya. "Amma ka ji da kyau, Baba. In ba taka ba ce, to akwai wanda ke yawo a garin nan da abin da zai iya kayar da shi a kan hanya. Suna ɗaya kawai nake so, ka kwana a gidanka."

Sunan na bakinsa, bai fi ya buɗe leɓe ba. Ya tashi ya tafi ba aladu dusa.

Ranar Juma'a ya sami Hedimasta a ƙarƙashin mangwaronsa yana karanta tsohuwar jarida.

"Hedimasta, rigar ta kai ƙararka Kaduna. Ta ce zuciyarka na tuntuɓe."

Boaz ya sauke tabarau. "Ɗan Reluwe, ka manta yadda ake neman aure ne? Mutum na zaune gaban mace irin Magdalene, me kake so zuciya ta yi, ta yi barci?"

"Ranar Laraba fa? Taron gyaran rufin coci ne."

"Ta kawo kunu."

"Keziya ta ce ba na soyayya ba ne. Na asibiti ne."

"Injin Bature bai san bambanci ba." Ya rage murya. "Ka ji ni. Da in tsaya gaban matar nan a ce ga maras lafiya cikin singiletin aro, gara a sa ni a akwatin gawa da mutuncina. Shekara nawa ina yi wa mutane wa'azin zanen aro? Ka yi alkawari, Azariya."

"Ban ce zan faɗa ba."

Azariya ya lura da yadda abokinsa ke numfashi, alhali a zaune yake, ba abin da ya ɗauka sai jarida. Ya dubi ƙasa ya ce, "Gobe za a kai ni Kaduna. Ka san ba na jin Turancin likitoci, suna magana ta hanci. Ina so ka raka ni ka yi mini tafinta."

Boaz ya gyara zama. Wannan aiki ne da ya dace da shi. "Ai da ka faɗa tun farko."

Dabarar Azariya ke nan. In sun isa, zai ƙi yarda a jona masa kowane inji sai an fara gwada shi a jikin mai ilimi ya gani. Ta haka likita zai ji abin da rigar ta ji, ba tare da an kira sunan kowa ba. Ya san ko dabarar ta ci, Keziya ba za ta sake shi ya dawo ba, tun da ya amsa zuciyar tasa ce. Da yamma ya share kabarin Milka, ya kira Dickson ya nuna masa inda buhun dusa yake.

Ranar Asabar tun da safe unguwa ta ji Baba Azariya zai tashi. Sai ga mutane suna ɓullowa ta kowace kusurwa, kowa da buhu, kowane buhu da doya ko rogo ko gyaɗa a kai. "Baba, ga ɗan abin gona, ka ci a hanya." Aka jera su a tsakar gida. Hular da ta fita tun kafin a haifi Keziya ta dawo. Laimar da Milka ta yi ta nema har ta koma ga Ubangiji ta dawo. Wani buhun ya fara ƙara, aka tono wandon nan da wayar a aljihunsa. Direba ya dubi tulin kaya ya ce ai sai an kira tifa. Keziya na tsaye bakin mota, hannu a harɗe, tana duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, amma kowa da irin tasa kunyar, ba ta iya tsince kowa ba.

Hedimasta ya iso cikin farar riga da jakar hannu, tumbi a gaba kamar kullum. Daga gidansa zuwa nan ba nisa, amma sai da ya dafa mota.

Daga ƙarshe Mama Magdalene ta shigo da nata ƙunshin, takalman da marigayi mijinta ya ara bai kai ga maidowa ba, da daddawa a kai. Ta ajiye, ta dafa Keziya.

"'Yata, me ya sami babanki? Jiya na gan shi yana bin alade da gudu."

"Mama, rigar da na kawo masa ce ta nuna zuciyarsa ba daidai ba. Sau biyu, Lahadi bayan sujada da Laraba da yamma."

"Rigar mai ƙifta wuta?"

"Ita."

Magdalene ta juya a hankali. Ba fuskar Boaz ta duba ba, tumbinsa ta duba.

"Lahadi bayan sujada," ta ce, da muryar da take ba da waƙa a zumunta, "wani baƙo ya zo gidana. Ya zauna a bakin kujera a miƙe kamar ya haɗiyi muciya. Na kawo faten acca, ya yi cokali biyu ya ce ya ƙoshi, mutumin da na sani da kwano biyu a bikin godiyar kaka. Ƙirjinsa kuma na ƙifta kore ta cikin farar riga kamar cajar waya. Na ce a raina, ikon Allah, tumbi ya tafi hutu. Litinin na gan shi a kasuwa, tumbi ya dawo. Laraba ya sake tafiya."

Maza da yawa suka sami abin kallo a sararin sama, domin rabinsu sun san matsin rigar nan.

"Madam," in ji Boaz, "wannan ba maganar bainar jama'a ba ce."

"Rufa mini baki, Malam. Na binne miji ɗaya da ya ce ba komai, iska ce kawai ta tokare shi. Ba zan ɗinka zanen biki in sa shi zaman makoki ba. Kuma wa ya ce maka tumbin nake ƙi? Da shi na san ka."

Hedimasta ya dube ta. "Wato... kin amince ke nan?"

"In likita ya sallame ka."

Keziya ta riga ta kama wuyan hannun Hedimasta. Ba ta daɗe ba fuskarta ta sauya. Ta ce wa direba ya sauke akwatin Baba, ta buɗe wa Malam Boaz ƙofar baya. Magdalene ta aika a ɗauko mata mayafi da jaka, ta shige kusa da shi ba wanda ya gayyace ta.

Keziya ta dubi ubanta. "Baba, shi ne?"

"Ni dai tafinta na nema," in ji Azariya.

Ya shiga ɗaki. Da ya fito, da buhun shinkafa ya fito, da gwaza a kai. Ya miƙa ta tagar mota. "Hedimasta, an ce asibitin Kaduna akwai sanyin inji. Ga ɗan gwaza ka kai wa likita." Boaz ya karɓa da hannu biyu, bai yi maganar katara ba. Mu kuma muka kau da kai, muka ce masa sannu da kaya.

Likitoci sun riƙe shi kwanaki, suka ce ya zo a kan lokaci, suka ɗora shi a kan magani, suka hana shi gishiri da duk wata riga mai matsewa. Bayan Ista aka ɗaura auren. Tasa kwat ɗin ta zamanin da ta ƙi shiga, don haka in ka je falonsu yanzu za ka ga baƙar nan mai ɗinki a aljihun hagu, maɓallan uku duk a buɗe, ango na dariya, tumbi na gaba.

Keziya kuwa ta dawo mako na gaba, ta zaunar da ubanta, ta auna shi sama da ƙasa. Ta ce zai iya zama da aladunsa, amma yanzu zuciyarsa take so ta ji, ba ta matasan unguwa ba. Ya ce ta san ba ya iya hana mutum. Ta ɗauki singiletin ta ninke, ta sa a jakarta, ta zuge. Sa'an nan ta sake buɗewa, ta sami buhu ta saka ta, ta ɗora lemo biyu a kai, ta miƙa masa da ladabi.

"Baba, rigar nan tawa ce, ni na saya. Aro na ba ka."

Ya daɗe yana duban buhun. Can ya ce, "Wannan dabarar ba a makarantar nas kika koya ba. Ta uwarki ce."

Yana nan a gidansa har yau. Rahoton da ke zuwa Kaduna yanzu na tsoho ne, ba tsalle, ba fareti, zuciya na tafiya a hankali tana isa kowace tasha a kan lokaci. Kwanan baya ina zaune wurinsa wani saurayi mai ɗan tumbi ya zo gaisuwa. Aka yi zancen ruwa, aka yi na citta, yaro ya ce yana da 'yar tafiya, ya shafa cikinsa. Azariya ya gane inda ya dosa.

"Ɗana, waccan ba tawa ba ce. Ni ma aro na yi." Ya miƙe, ya auna yaron da ido. "Amma tsaya. Akwai wata babbar riga mai faɗi, an maido ta kwanan nan. Ba mai sanin abin da ke ƙarƙashinta."